Barau da Giyar Motar Rairayi

A Gashuwa, bayan tashar mota, akwai gidan Inna Dije da 'ya'yanta maza biyu. Babban shi ne Ilu makanike, wanda a ganinsa duk yankin babu mai hannu irin nasa, kuma ko ba ka tambaya ba zai gaya maka. Ƙaramin shi ne Barau, magidanci da gemunsa, mai biyayya har ta yi yawa. Abin da ka faɗa shi zai yi, ba abin da kake nufi ba. Ilu yakan ce Allah ya ba shi basira, sannan ya haɗa shi da Barau don kada ya ji daɗinta.

Matar Ilu ta tafi goyon ciki ƙauyensu, can bayan tuddan rairayi inda mota ba ta zuwa. Shi kuwa ya riga ya cika baki gaban surukai cewa ranar suna da motar da ya ƙera da hannunsa zai iso, da rago a baya. Ya haɗa ƙarafa, ya ɗora inji, ya sa manyan tayoyi. Saura giya. Tun da ya karye, ƙafarsa ta hagu ba ta iya taka kuloci, don haka dole sai otomatik, mai canzawa da kanta.

Wata rana ya ce, "Barau, shiga kasuwa ka tambayo mini inda ake samun giya mai kyau, mai shiga da kanta." Barau ya tsaya tsakiyar 'yan hatsi yana cigiyar masu sayar da giya. Liman na wucewa ya ce, "Subhanallahi, Barau, kai da giya?" Ya ce, "Ba ni ba ne, Allah gafarta Malam, Yaya Ilu ne. Ya ce in babu ita ba zai iya zuwa wurin suna ba." Bayan la'asar sai ga liman a gareji da dattawa. Ilu na nuna musu mota, su kuwa suna cewa, "Kwantar da hankalinka, ba tona maka asiri muka zo yi ba."

Wata rana ya sake aikensa. "Giyabos nake nufi, na mota, wanda ke canzawa da kansa ba sai an taɓa shi ba." Barau ya je layin masu kayan gyara, ya sa aka jera masa su a ƙasa, ya sami benci ya zuba musu ido. Mai shago ya gaji ya ce, "Malam, saye ka zo ko gadi?" Ya ce, "Jira nake in ga wanda zai fara canzawa." Da yamma ya dawo hannu rabbana. "Yaya, duk ragwaye ne." Ilu ya ɗingisa da kansa, ya bi su yana sansana mai, ya zaɓi mai jan mai wanda ba ya ƙauri.

Wata rana aka zo kan akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, mai ƙaramar giyar hawan tudu. Ilu ya ce, "Je wurin mai sayarwa. Ka duba haƙoransa da kyau, in sun cinye ka baro shi." Barau ya yi wa Alhajin shagon sallama, ya ce ya buɗe baki. Alhaji mai giɓi ne, ya biyo shi da sifana. Sai a ƙarshen layi Barau ya sami mai cikakkun haƙora, ya saya a wurinsa. Akwati ya zauna daidai, amma har yau Alhaji ba ya amsa gaisuwar Ilu.

Wata rana, wato ranar suna, suka kama hanya da sassafe. A babban tudu mota ta kafe. Ilu ya sa ƙaramar giya, ƙafafu huɗu suka yi ta watsa rairayi tana ƙara nutsewa. Rana na ɗagawa, rago na kuka, can kuma surukai na jira. Ilu ya sauka ya ce, "Giya lafiya, akwati lafiya, aikina ba ya kuskure. Wallahi iska ce a jikin motar nan, sai an cire mata." Ya zauna ya juya mata baya, ya dafe kai.

Can ya ji wani sauti, tsiii. Yana waiwayawa ya ga Barau da tsinke, ya gama sace iskar taya ta huɗu.

"Barau, ka kashe ni. Ko famfo ba mu da shi."

"Kai ka ce a cire, Yaya."

Don haushi kawai Ilu ya shiga ya taka totur. Tayoyin da suka saki suka baje a kan rairayi, mota ta ɗago ta haye tudu kamar kwalta ce.

Suka iso ana shimfiɗa tabarmi. Surukinsa ya zagaya motar ya ce, "Ilu, ya na ga tayoyin a kwance?" Ilu ya gyara zaman hularsa. "Sirrin sana'a ne, Baba."

Barau na kwance rago ya ce, "Iskoki ne, Baba. Na cire na ƙafafun, amma akwai ɗaya a cikin safayar taya."

Dattawa suka ja tabarminsu baya.