Tunau da Turken Turawan Sifen

A Tsaunin Gwanki, garin da mata ke tafiyar rabin yini kafin su ga ruwa, akwai wani mutum ana ce masa Tunau. Su uku ne a gidansa: shi, da tsohuwarsa Goggo Tabawa mai ciwon ƙafa, da matarsa Ladingo. Dukiyarsa jaki ɗaya ce da gonar gero a kwari. Garin na kiransa wawa, alhali aibinsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi.

Wata rana labari ya zo cewa Turawan Sifen za su haƙa wa garin rijiyar burtsatse. Mai gari ya ce Tunau zai ɗaukar musu kaya, ya ja masa kunne: "Baƙo ba a yi masa musu. Duk abin da suka ce, ka amince." Aka kai shi wurin Sallau, wanda ya taɓa tsinkar tumatir a Sifen kafin a koro shi. Sallau ya ce, "Kalma uku suka riƙe ni can: si, claro, de acuerdo. Duk ma'anarsu na yarda. Ka gyaɗa kai, ka yi murmushi. Ka riƙa gwadawa da kowa har bakinka ya saba."

Wata rana Goggo Tabawa tana murza ƙafa tana nishi, ta ce, "Ni kam na zame muku kaya. Gara in mutu ku huta." Tunau ya gyaɗa kai, ya washe baki, ya ce, "Claro, Goggo." Ba ta gane kalmar ba, amma ta ga kan, ta ga haƙoran. Ta juya fuska bango, ranar ko kunu ba ta sha ba.

Wata rana Ladingo ta dawo daga ɗibar ruwa wuyanta ya sage. Ta dire tulu ta ce, "Wannan ba zama ba ne. Ko in koma gidanmu ne, Malam?" Lallashi take nema. Tunau ya gyaɗa kai: "De acuerdo." Da ta ƙulle kayanta tana kuka, shi ya ɗora su a jaki, ya raka ta har bakin hanya.

Wata rana Turawan suka iso, shugabarsu wata injiniya mai suna Nuria. Wani daga cikinsu ya nuna bututun ƙarfe, ya nuna jaki, ya tambaya da hannu ko zai iya. Tunau ya ce, "Si." Aka ɗora. A ƙara? "Si." A gangaren kwari jakin ya durƙushe, ƙafarsa ta karye, bai sake tashi ba.

Wata rana Nuria ta gama aune-aunenta, ta kafa turke a tsakiyar gonar Tunau, gero kuwa ya fitar da kai. Mai yi mata tafinta ya ce nan ruwa yake, ƙofar fada dutse ne zalla. Aka tambayi mai gona ko a haƙa a nan. "De acuerdo." Mai gari ma ya ce, "To, madalla." Sai dai a Tsaunin Gwanki, "to" a gaban baƙo gaisuwa ce, ba alkawari ba. Turawan na komawa birni, mai gari ya tura mutum biyu su cire turken su kafa a ƙofarsa, tunda masu motar haƙa turke kawai suke bi. Suka tarar Tunau ya sa lauje ya sare geronsa ya buɗe wa mota hanya, yana zaune ya rungume turken.

"Tashi, Tunau, mai gari ne ya aiko."

"Ai na ce de acuerdo."

"Kowa ma ya ce to, wawa! Faɗa kawai ake yi."

"Ni ba a ce min in faɗa kawai ba. Cewa aka yi in amince."

Suka ja shi, suka mare shi, bai saki ba har motar ta zo. Aka haƙa, ruwa ya yi tsiri sama.

Yau matan garin ba sa tafiyar rabin yini, kuma ba kunya ake kiran wurin Rijiyar Mai Gari. Tunau kuwa ba jaki, ba gero, ba mata, tsohuwarsa da ƙyar take amsa gaisuwarsa.

Malam Bawa, tsohon hedimasta, shi kaɗai ya ƙi yin shiru. Kowace Juma'a sai ya tsaya a fada da sandarsa: "Ranka ya daɗe, a biya Tunau jaki ɗaya, damin gero daga kowane gida, dattawa biyu su je bikon Ladingo. Haƙƙi ne, ba alfarma ba." Kowace Juma'a mai gari sai ya ce, "To, Malam, madalla."

Rannan Malam Bawa yana dawowa ya haɗu da Tunau ɗauke da tulu a ka. Ya ce, "Tunau, garin nan ya zalunce ka."

Tunau ya gyaɗa kai, ruwa ya zubo masa a wuya. "Claro, Malam."

Wannan karon bai yi murmushin ba.