Luguden da ya raba ni da walicci

Ba zan taɓa mantawa da cin mutuncin da Yaya Sabo ya yi mini ba, ko da kuwa tsufa ya sa na manta sunan 'ya'yana. Ɗan wan ubana ne, Alhaji ne, mai faɗa a ji a Fammar. Shi ya kwaso surukai ya shigo da su har tsakar gidana don su ga abin da bai kamata su gani ba, kuma da wannan ya ƙwace mini waliccin auren Balaraba.

Balaraba 'yar ƙanena ce marigayi. Tun ba a yaye ta ba ta dawo hannuna. Ni na saya mata allo, ni na kai ta firamare a kan keke (ni da kaina aji huɗu na tsaya, amma ita sai da ta gama). Da mutanen Rurum Sabon Gari suka zo neman aurenta, kowa ya san ni zan zauna gaban liman in ce na bayar. Har babbar riga na ɗinka, ta farko a rayuwata da ba aro ba.

Ana cikin shiri sai matata Hansai ta kwanta, aka yi mata aiki a asibiti a Rano. Balaraba ta tafi jinya. Aka bar ni da yara ƙanana da murhu mai sanyi.

Na je wurin Yaya Sabo na ce ya taimaka ya turo Hajiya matarsa ko wata daga 'yan matan gidansa, ko surfe ne su yi mana. Lokacin Shari'a ta shigo da zafinta, shi kuma ya tsayar da gemu, ya ɗage wando. Ya dube ni ya ce, "Iyalina ba sa fita. Mace darajarta ɗakinta." To, madalla. Amma a makon nan da idona na ga an loda matan gidan nasa a bayan a-kori-kura an tafi da su taron kamfen, suna guɗa, saboda yana neman kansila. Wato mace za ta iya fita ta yi wa ɗan takara guɗa, amma ba za ta iya tsallaka lungu ta ciyar da yara masu yunwa ba.

Na dawo gida yara na kuka. Me zan yi? In zauna a zaure ina shafa gemu ina cewa ni namiji ne? Na jiƙa gero, na jawo turmi. Autan kuwa ya ƙi ajiyuwa, sai na ɗauki zanin Hansai na goya shi, na ɗaure a ƙirji kamar yadda na ga ana yi. Rana ta dame ni, na yafa ɗankwalin Hansai a ka. (E, na sani. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu nakan yi.)

Ga inda na cuci kaina. Ni kaɗai ne namiji babba a ɗakin uwata, cikin 'yan mata na tashi, kuma tun ina yaro na iya daka. Da a ce na yi irin dakan maza ne, bum, bum, babu daɗin ji, da ba wanda zai kula. Amma hannu ya tuna. Taɓarya ta fara tafiya, yaro ya yi shiru a baya, ni kuma daɗi ya ɗebe ni. Sai ga ni ina lugude: in cilla taɓarya sama, in tafa, in cafe. Har da 'yar waƙar da Inna take yi. Wallahi, ba don yabon kai ba, a unguwarmu babu macen da za ta kama ƙafata a ranar.

Ashe Yaya Sabo ya ji daga waje, ya kuma san babu mace a gidan. A daidai lokacin ne iyayen ango suka iso don a tsayar da rana. Al'ada ita ce a zaunar da su a zaure a aiko a kira ni. Sai ya ce musu, "Ku shigo kawai, matar gidan ba ta nan."

Taɓarya na sama, na tafa, na juyo, sai ga dattawa cikin manyan riguna sun yi cirko-cirko. Na manta da taɓarya. Ita kuwa ba ta manta da ni ba, ta sauko a kan babban ɗan yatsana. Na yi tsalle, ɗankwali ya zamo ya rufe mini ido, yaro ya tsala ihu. Sannan, saboda hannuna duk dusa ce ba zan iya musabaha ba, ga goyo ya ja ni, sai kawai na durƙusa har ƙasa na ce, "Sannunku da zuwa." Kamar amarya ta ga uwar miji.

Wani daga cikinsu ya kau da kai yana tari. Yaya Sabo ya ce, "Af, ku yi haƙuri, ashe uwargida na aiki."

Kafin la'asar labari ya kai har garin Kibiya. A majalisa aka sa mini Hajiya Lugude. Mazan da ba su iya hura wuta ba suka yi ta yi mini wa'azin kama kai. Matan ma ba su bar ni ba. Wata tsohuwa ta ce na tona wa Hansai asiri, na nuna wa duniya ba ta da dangi. Ba wanda ya tambayi ko yaran sun ci.

Ranar ɗaurin aure na saka rigata na nufi tabarmar liman. Na tarar Yaya Sabo ya riga ya zauna a wurina. Ya jawo ni ya ce, da muryar da na baya ma suka ji, "Ka yi haƙuri ka koma can. Mutanen Rurum sun ce namiji suke so ya ba su aure." Daga baya uban angon da kansa ya rantse mini bai faɗi haka ba. Amma me ya rage? An riga an shafa fatiha ina can baya wajen takalma, cikin sabuwar riga, yatsa a naɗe da tsumma. Na haƙura ne don kada in ɓata wa yarinyar ranarta.

Darasin da na koya? In dole ta sa namiji daka a garin nan, ya sa sakata, kuma ya yi shi babu gwaninta. Rashin iyawa ana yafe wa namiji. Iyawar ce laifi.

Da aka tashi ana gaisawa, Yaya Sabo ya miƙo mini hannu yana murmushi. Na kama, na ƙi saki. Na ce, "Yaya, kai namiji ne, na ji, duk Fammar ta shaida. Amma lafiya ba a hannunka take ba. Duk ranar da Allah Ya kwantar da Hajiya, kada ka ji kunya, ka aiko. Zan zo in tuƙa maka tuwo. Don na san ka: za ka zauna gaban murhu da gemunka da rawaninka, yunwa ta kashe ka kana namiji."