Ekran ɗin da Na Zaɓa wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi da na yi a lambun surukina a Jiratawa ba, kuma ko na so in manta, dattijon da abin ya faru a gabansa ba zai bari ba.

Lokacin aurena da Rabi bai cika shekara ba. Ina koyar da ilimin kwamfuta a wata kwaleji a nan Maradi, shi ya sa kowa a gidansu ke ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan. Mahaifinta, Alhaji, ɗan kasuwa ne da ya daɗe yana safarar kaya tsakanin Maradi da Kano kafin ya sakar wa 'ya'yansa harkar. Ga farin gemu, ga ƙarancin magana. Ni kuwa a gabansa na ƙera wa kaina wani hali da ni ma ban san shi ba: kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa, carbi a hannu. (Rabi takan ce in ta gan ni gaban babanta, sai ta ji kamar wani mutum daban aka aura mata.)

Abin da na ɓoye masa shi ne, a fadarmu ta Sabon Gari, wato dandalin da muke shan shayi da abokai, babu wanda ya kai ni iya wasan ƙwallo na na'ura. Kaftin suke ce mini. Kuma in ina wasa bakina ba ya shiru.

Wata Asabar Alhaji ya aika in zo. Bayan gaisuwa ya ce, "Mushe, ku ne kuka san na'urori. Ina son ka raka ni mu zaɓi ƙaramin ekran, allon kallo irin wanda ake sawa cikin jaka, na wasan ƙwallon nan da ake yi da hannu."

Nan take na yanke cewa autansa Bashir, da ke lise, wato babbar sakandare, zai saya wa. Da na ce "to" na yi shiru, da ba ni da labarin da zan ba ku yau. Amma sai na ga dama ta samu ta nuna hankali. Na gyara zama na ce, "Alhaji, wasannin nan suna cinye wa yara lokaci. Mutum ya wuni yana danne-danne, ba karatu, ba sana'a. Ni dai ban ga amfaninsu ba."

Ya dube ni ya ce, "Kai ba ka yi ke nan?"

Na ce, "Ina ni ina wasa, Alhaji."

Ya ce, "To madalla. Mu tahi."

Cikin duk shagunan da ke bakin kasuwa, direbansa bai tsaya ko'ina ba sai butik ɗin Sani, inda nake sayen kayan wasana. Sani na hango ni ya washe baki ya ce, "A'a, Kaftin, yau kuma mi ya lalace?" Na yi wani tari da ya kusa fitar mini da rai, na zare masa ido. Ya haɗiye sauran maganar.

Alhaji ya ce, "Kaftin? Ka taɓa yin soja?"

Na ce, "Sunan makaranta ne, Alhaji."

Niyyata in tsaya gefe kamar baƙo. Sai Sani ya ɗauko wani ekran babba mai ƙyalli, ya fara zuba masa kirari, Alhaji kuma na gyaɗa kai. Na duba gefensa, na ga ƙaramar kafa ɗaya ce kawai irin ta cajin waya, babu faffadar kafar da igiyar na'urar wasa ke shiga. Zuciyata ta kasa ɗauka. Na ce a hankali, "Wannan ba zai haɗu da na'urar ba sai an yi ta 'yan dabaru."

Daga nan fa bakina ya kwance. Na tambayi inda za a riƙa amfani da shi, Alhaji ya ce a lambu, ƙarƙashin itace. Na ce to mai ƙyalli bai dace ba, da rana zai koma madubi, sai dai mutum ya kalli fuskarsa. A nemo mai dishi-dishin gilashi da haske mai ƙarfi. Na ture wani saboda ya yi ƙanƙanta, mutum biyu sai sun haɗa kai kafin su ga ƙwallo. Na ture wani saboda ba shi da lasifika. Na tambayi wanda ƙaramin batirin caji zai iya riƙewa in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Da muka rage biyu, na sa Sani ya haɗa su da na'ura, na karɓi manet (abin nan da ake riƙewa ana dannawa) wai don gwaji. Ɗaya in ka danna sai ɗan wasan ya yi kamar yana shawara kafin ya motsa. Ɗayan kuwa kana dannawa yana bugawa. Na ce wannan za a ɗauka.

Duk wannan Alhaji na zaune a kujerar Sani yana kallona. Ya ce, "Mutumin da ba ya wasa ya san wanga abu duka?"

Na ce, "Karatu ne, Alhaji. A littafi muke gani." Sani ya juya baya yana gyara kwalaye da ba su buƙatar gyara.

Kashegari Alhaji ya ce in zo mu je Jiratawa in haɗa musu. Lambun nasa wuri ne mai daɗi: zogale jere-jere, tumatir, albasa, ga ruwa na gudu cikin kwalbati. Ƙarƙashin wani mangwaro an shimfiɗa darduma, an jawo wuta daga baturan sola da ke tada injin ban ruwa. Na duba ko'ina ban ga Bashir ba. Wanda na gani shi ne Alhaji Idi, aminin surukina, da ya taso tun daga Tsibiri, yana zaune da gilashin shayi, ya ɗora manet a cinya kamar mai jiran a kira layinsa a asibiti.

Na ce, "Bashir bai iso ba?"

Surukina ya ce, "Mi Bashir zai yi nan? Nawa ne." Sannan ya ba ni labari: bara waccan da ya karye a ƙafa ya yi watanni a kwance, Bashir ya koya masa don ya rage zaman kaɗaici, shi kuma ya koya wa amininsa. A gida babbar tele ta Hajiya ce da jikoki, shi ya sa yake son nasa na kansa.

Duk wa'azin da na yi jiya ya dawo mini kalma-kalma. Alhaji Idi ya ƙara mini da cewa, "Wanga shi ne surukin naka da ya ce masu wasa ba su da sana'a?"

Na duƙa ina haɗa igiyoyi, na daɗe a duƙe fiye da yadda aikin ke buƙata.

Ekran dai ya yi kyau, ko'ina ka zauna kana gani tar. Dattawan suka buga, surukina ya ci. Sai ya miƙo mini manet ɗin Alhaji Idi ya ce, "Karɓi in koya maka. Nan ake ba da ƙwallo, nan ake bugawa." Na karɓa da hannu biyu, na riƙe shi a karkace kamar ban taɓa gani ba. Na riƙa harba ƙwallo waje da gangan. Ya zura mini ɗaya. Ya ƙara. Alhaji Idi na cewa, "Kai, Rabi ta yi haƙuri, wanga ko kaza ba ya kamawa." Na yi murmushi irin na surukai, amma maganar ta yi mini zafi.

Ban san lokacin da manet ya miƙe a hannuna ba. Na dai ga na rama ɗaya, na rama ta biyu. Na manta da lambu, na manta da gemu, na manta wa ke gefena. Ana dab da tashi na yanke masa 'yan baya, na kwantar da gola, na zura. Abin da na sani bayan nan shi ne ina tsaye a kan darduma, hulata a ƙasa, manet a sama, ina nuna surukina da yatsa ina cewa da ƙarfi, "Tashi ka ba manya wuri! Wa ya ce maka ka iya? Je ka koyo!"

Gilashin Alhaji Idi ya tsaya tsakanin hannu da baki. Wasu mata da ke tsinkar zogale can gefe suka miƙe suna leƙe. Na dubi yatsana, na dubi wanda yake nunawa. Na sauke shi a hankali, na durƙusa, na ce, "Alhaji, wallahi ba da kai nake ba."

Ya ce, "Da wa kake? Mu biyu ne ke wasan."

Alhaji Idi ya fashe da dariya har shayi ya zube masa a riga. Surukina ya yi ƙoƙarin riƙe tasa, gemunsa na rawa, daga baya shi ma ya saki. Da ya natsu ya ce, "Mushe, tun kahin a ɗaura aure Rabi ta hwaɗa mini kai ne sarkin wasan unguwarku. Don haka na kira ka ban kira Bashir ba. Na ga kana ta wahala da carbi, na ce bari in ga iyakar gudunka." Ya ɗauko hulata ya miƙo mini. "Zamna a sake. Amma wanga karon kada ka bar mini ko ɗaya don kunya."

Muka yi ta bugawa har aka kira la'asar. Ya ci ni sau ɗaya, kuma da gaskiya ya ci.

Labari ya riga ni isa gida. Rabi ta buɗe mini ƙofa, ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, manya. An ba ka wurin?"

Yanzu kusan kowace Lahadi ina Jiratawa. Har yau ina sunkuyar da kai in zan gaida Alhaji, shi kuma yakan ce in ɗaga, wai ya riga ya san tsawon yatsana. Alhaji Idi kuwa bai taɓa haɗa ni da baƙo ba sai ya ba shi labarin daga farko.

Na dai koyi abu biyu. In za ka ce ba ka iya abu ba, kada ka yarda a miƙa maka shi a hannu. Kuma kafin ka yi wa dattijo wa'azi kan wasan yara, fara tambayarsa wane yaron ne zai yi wasan.