Ranar da Jaki Ya Ja Babur Ɗina

Shekarar da ruwa ya ɗauke har gero ya ƙone a gona, ni kuwa na sayo babur mai caji. Dillali ya rantse mini an gwada batirinsa a ɗakin gwaji, yini yake yana tafiya. Na tsaya gaban majalisarmu a Sabon Birni na ce, "Za ni Gangara in dawo, ko zufa ba ni yi."

Kawu Garba ya ce, "Ɗakin ga nasu, akwai rairayi ciki?"

Na yi masa murmushin masu ilimi. Har buhun dawa na ɗora in kai wa gwaggona can Gangara, don gwajin ya cika.

Ban kai rabin hanya ba babur ya yi shiru cikin rairayi. Na danna, na girgiza, na tofa masa addu'a. Can wani makiyayi ya iso da ramammen jakinsa, ya ce, "Malam, wanga ba ya cin dusa?" Ya ɗaure babur da igiya. Haka muka shiga Gangara, jaki na ja, ina bisa riƙe da kan babur, mata na guɗa.

Har yau in jaki ya yi kuka a kasuwa, sai wani ya tsokane ni ya ce, "Injiniya, cajarka na kira!"