Yadda Na Dafa Binciken Dokta Ladi

Ba zan taɓa mantawa da makonmu na uku a Abuja ba, lokacin da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas aka jibge mu a ginin da ko fentinsa bai bushe ba. Fayil-fayil a ƙasa, iyali na can Legas, ni kuma ƙaramin jami'i mai rawar kai, kullum sammako nake daga Dutse Alhaji don oga ya ga ƙwazona. Ba na iya minti biyar a kan kujera (ita ma aro ce daga ofishin maƙwabta).

A makon ne kwamiti zai saurari Dokta Ladi, mai bincike kan guringuntsin gwiwa, farin abin nan mai santsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Ɗakin bincike take nema a gina mata. Wata takwas ta yi tana gwada wani magani a kan awaki a Karshi, saboda matan ƙauyukan wajen da gwiwa ke zaunar da su tun ba su tsufa ba. Duk wannan daga baya na sani. Takardar bayanin binciken tana kan teburina, ban karanta ba.

Da safe direbanta ya kawo kula cike da ƙanƙara, ya ce a ajiye wa kwamiti. Na buɗe, sai ga ƙafafun awaki a jere, tas da su. Ni dai abin da na saba gani, mai neman sa hannu ba ya zuwa hannu rabbana. Na ce lallai matar nan ta san duniya. Nan take dabarar burge oga ta faɗo mini: kwamiti ya tashi daga zama ya tarar da farfesu.

Na ruga wajen Mama Talatu, mai abinci a gindin bishiyar bayan ofis. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ce, "Oga, wannan nama yana da lamba fa. Ka tambaya tukuna?" Kowace an ɗaura mata zare da 'yar takarda. Na ce aikin mahauta ne, na karɓi wuƙarta na yanke su da hannuna (da hannuna, jama'a), na cusa a aljihu. Sau huɗu ina sintiri tsakanin ɗakin taro da murhu, ina azalzalarta ta ƙara wuta, ta cika citta.

A zuwana na ƙarshe na ji Dokta tana cewa awakin da aka ba maganin gwiwarsu ta yi sumul, sauran kuwa tasu ta zaizaye, kuma yanzu kwamiti zai gani da idonsa. Oga ya juyo ya ce in kawo kular.

Har yau ban san abin da ya hana ni gudu ba. Mama Talatu ta riga ta wanke kular ta juye farfesun a ciki, haka na rungumo shi, ƙamshi ya riga ni shiga. Dokta ta buɗe, tururi ya rufe mata tabarau. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Cokali ta sa ta ɗago ƙashi ɗaya, guringuntsin ya sulale ya koma romo. Ta tambaye ni lambobin a hankali, na zaro su a dunƙule na ajiye a gabanta. Shugaban kwamiti ya kama tarin ƙarya, ni kuwa ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Kwamiti ya ce babu hujja, ta dawo baɗi. Oga ya mayar da ni sito, inda ba abin dafawa. Da na bi ta har mota ina ba da haƙuri, sai ta ce, "Ƙanena, ni na yafe. Matan da za su ƙara shekara suna jan ƙafa, su za ka je ka ba haƙuri." Maganar nan ta fi sauyin wurin aikin yi mini ciwo.

Ta sake kiwon awakinta, ta samu ɗakinta daga baya. Yanzu da tawa gwiwar ta fara ƙara, likita ya ce hanyar da yake bi da ni daga bincikenta ta fito, har ya tambaya ko na taɓa jin sunanta. Na ce sama-sama.

Abin da na koya dai shi ne, malalacin ma'aikaci ɓarnarsa da sauƙi. Mai ƙwazon da ba ya tambaya shi ke dafa aikin mutum kafin azahar, har ya tsaya jiran yabo.