Rasuwar 'Yar Lelen Kuku

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, Kuku, tsohon shugaban kicin ɗin otal, a madadin kansa da iyalinsa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar wuƙarsa, wadda mutanen gida ke kira 'Yar Lele. Ta cika a gida, a kan teburin cin abinci, bayan gajeruwar jinya. Mai ita yana kwance a asibiti lokacin da ciwon ya kama ta, don haka ba su gana ba sai da aikin gama ya gama.

Marigayiyar ta shigo hannun Kuku ne ranar da maigidansa na farko ya tsufa ya miƙa masa kicin. Ba irin wuƙaƙen da ake zubawa a tire a bakin hanya ba ce. Ƙarfenta mai tsada ne, ruwanta kuma goge yake kamar madubi, har masu kai abinci kan leƙa fuskarsu a jikinta su gyara kwala kafin su fita wurin baƙi. Tana da nauyi daidai hannu. Ba ta taɓa matse tumatir ba, ratsa shi take yi ya rabu biyu bai sani ba. Albasa kan wuce ta ƙarƙashinta ba tare da ta sa kowa hawaye ba.

Wanda ya zauna da ita ya san tana da ƙa'ida, kuma Kuku bai taɓa taka ko ɗaya ba. Ba ta kwana da danshi. In ta yanka lemon tsami, a take ake goge ta, tun ruwan bai bar mata tabo ba. Ba ta hawa faranti ko gilashi, sai katako. Ba ta gaisawa da ƙashi, ba ta shiga nama mai ƙanƙara, ba ta kwanciya a durowa cikin cokula. Duk ranar hutunsa yakan jiƙa dutsen wasa har ya daina fitar da kumfa, ya kwantar da ita a kai, ya ja a hankali, sannan ya shafa ta a bayan wani tsohon bel na fata, ya ɗiga mata mai, ya naɗe ta a farin ƙyalle. Babbar 'yarsa ta sha faɗa cikin wasa cewa ita ce ta fari a haihuwa amma ta biyu a gata.

Ba mai surutu ba ce. A kan dutse takan ce shuuu, shuuu, kamar mai rarrashin jariri. A kan katako kuwa, tas-tas-tas-tas, da sauri, ba gargada. Ma'aikatan kicin sukan gane halin da shugabansu ya tashi da shi daga wannan sautin tun suna bakin ƙofa.

Ga yadda ciwon ajalin ya zo. Wata safiya Kuku yana ɗaura igiyar takalmi zai tafi aiki, hannunsa na dama ya ƙi bin umarni, bakinsa ya karkace, ya zame ƙasa. Surukinsa, mijin babbar 'yar, direba ne, kuma Allah ya sa ya biyo gaisuwa. Shi ya goya Kuku a bayansa ya sauko da shi daga bene, shi ya keta cunkoson titi da shi har asibiti. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Wannan sanarwa tana so a riƙe hakan da kyau kafin a ji sauran.

Gida ya cika da masu dubiya, kuma baƙo sai ya ci. Wata daga cikin dangi ta nemi abin yanka kaza, ta buɗe farin ƙyallen, ta yaba da kaifin, ta sara ƙashi da shi. Bakin marigayiya ya yi giɓi. Wata kuma ta bar ta a cikin ruwan wanke-wanke, ta kwana, ta wuni. Tsatsa ta fito mata ɗigo-ɗigo kamar ƙyanda. Ba wanda ya yi da mugunta. Hankalin kowa yana asibiti.

Surukin ne ya tsince ta a haka, hankalinsa ya tashi, don ya san matsayinta. Ya ce Baba ba zai dawo ya tarar da wannan ba. Ya samo soson ƙarfe ya dirje tsatsar da iya ƙarfinsa, tsatsa ta tafi, madubin ma ya bi ta. Sannan ya kai ta wurin mai wasa da inji, ya tsaya a kansa ya ce a cire giɓin duka. Inji ya ci, tartsatsi ya tashi, ƙarfe ya yi zafi har bakinsa ya koma shuɗi. Masana sun ce ƙarfen da ya sha irin wannan wuta ya bar riƙe kaifi ke nan. Wannan ne sauti na ƙarshe da aka ji daga gare ta, ƙiiii, kuma mai ita bai ji shi ba.

Ranar da aka sallamo Kuku, bayan an zaunar da shi an tallafe masa hannu da matashi, surukin ya durƙusa ya ajiye ƙyallen a gabansa, fuskarsa cike da fara'a.

"Baba, ga 'Yar Lele. Ta ɗan yi rashin lafiya ita ma, amma na kai ta an gyaro."

Kuku ya warware da hannun hagu. Ya ga karce a inda fuska ke fitowa a da, ya ga ta rame, ya ga shuɗin. Ya ɗora babban yatsansa na dama a bakinta kamar yadda ya saba. Bai ji kaifi ba, bai ji dakushewa ba, ko sanyin ƙarfen bai ji ba. Ya jira ransa ya ɓaci. Ya daɗe yana jira.

"Ka kyauta," in ji shi. "Allah ya yi maka albarka."

Da an bar maganar a nan, da an rufa asiri. Sai dai mataimakinsa na kicin, wanda yanzu otal ya ba shi kujerar, ya zo dubiya ya gan ta a kan tebur. Mutum ne da bakinsa ke riga tunaninsa.

"Subhanallahi! Oga, wane mara imani ne ya ƙona ta?"

Surukin yana tsaye da butar shayi a hannu. Ya ajiye ta a hankali, ya ce ya bar mota a inda bai kamata ba. Tun daga ranar bai sake hawa benen ba. Yakan sauke matarsa a bakin ƙofa, ya aiko da gaisuwa, ya ja mota. Ranakun gashin ƙashi ma wani abokin aikinsa yake turowa ya kai Kuku asibiti.

Marigayiyar ta bar dutsen wasa guda, wanda ya bushe tun ranar da Kuku ya faɗi. Da bel na fata. Da katakon yanka mai ɗauke da sawunta. Da ƙannenta uku, ƙananan wuƙaƙe, waɗanda ba su gaji halinta ba. Ta kuma bar hannun dama ɗaya, wanda likitoci suka ce a ci gaba da yi masa addu'a.

Iyali suna roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya zo da sabuwar wuƙa, kada kuma a kawo sunan wani gwani da zai iya tashinta. Kuku ya san gwanayen duka. Masu tambayar ko yana cin abinci, yana ci. Masu tambayar yadda yake ji, ya ce in ya ji zai faɗa.

Za a yi sallama da ita ranar hutun ƙarshen mako, da hantsi, a falon gidan. Uwar 'ya'yansa za ta wanke ƙyallen ta goge. Kuku da kansa zai ɗiga mata mai, ya naɗe ta, a ɗora ta a saman kabad inda jikoki ba sa kaiwa. Ba a buƙatar taro, ba kuma za a yi jawabi ba.

Mutum ɗaya kawai ake nema lallai ya halarta. Babbar 'ya ta faɗa wa mijinta cewa Baba ya ce ya nemi wuri mai kyau ya ajiye motar, ya hawo sama. Akwai ƙullin da za a yi a bakin ƙyallen, kuma ƙulli sai da hannu biyu.