Kunun da Nake Dama wa Rabi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara zuwa taron iyaye a makarantar ɗiyata Rabi, nan Ƙaura Namoda. Rabi kurma ce tun haihuwa, kuma a makarantar akwai aji guda da aka ware wa irinsu. Duk shekarun da ta yi tana zuwa, mahaifiyarta ke halartar taron, ita kuma ta koyi maganar hannu. Ni nawa shi ne in tafi kasuwar Shinkafi da hatsi in dawo in tambaya ko lafiya. Da damina Allah ya karɓi ran mahaifiyar, gidan ya rage daga ni sai yarinyar.

Innata, da ke zaune a Birnin Tsaba, ta aiko cewa in kai mata Rabi, namiji ba ya riƙon ɗiya mace, balle wadda ba ta ji. Can babu ajin kurame, na sani, amma na amsa. Har na zuba kayanta a jaka na ajiye bayan ƙofa. Na je taron ne da niyyar in yi wa malamarsu sallama.

Da na shiga sai na tarar kusan duk mata ne, maza ba mu cika benci ɗaya ba. Shugaban makaranta ya ji daɗin ganina, ya ce ga uba abin koyi, in tashi in ce wani abu. Ni kuwa (Allah ya raba mu da daɗin baki) na miƙe na gyara hula. Na ce yaro mai lalura amana ne, na ce uban da bai san damuwar ɗansa ba ya yi asara, har na ja aya. Mata suna ta gyaɗa kai. A raina na ce ashe ni ma na iya.

Ina cikin haka Rabi ta taso daga cikin yara ta tsaya gabana. Ta dube ni, ta dubi malamarsu, Malama Saratu, sannan ta yi wata alama da hannu, ta dunƙule yatsu ta kai wuya. Na san alamar sarai, kullum da safe takan yi mini ita idan na miƙa mata kofin kunu. Ban jira kowa ba na juya ga jama'a na ce kun gani, godiya take yi, haka take mini kowace safiya.

Yaran ajin ne suka fara dariya. Malama Saratu ta sunkuyar da kai, ta ce a bari sai an tashi. Na ce a'a, ta faɗa kowa ya ƙaru (wannan kuma ni na jawo wa kaina).

Ta ce, "Baban Rabi, cewa ta yi kunun da kake damawa duk gudaji ne, tsaya mata yake a wuya. Ta ce ta daɗe tana gaya maka, kai kuma sai ka ƙara mata."

Matan suka rufe baki da mayafi. Wani dattijo kusa da ni ya ce to Alhaji, ai ko jakin gidanmu an fi tace mashi ƙasari. Na zauna, na rasa inda zan sa idona.

Bayan an watse malamar ta tsayar da ni a baranda, Rabi na riƙe da gefen rigata. Ta ce yarinyar ba don ta kunyata ni ta yi ba, yau ce rana ta farko tun rasuwar uwarta da ta same ni tare da mai fassara mata. Kuma akwai saura. Rabi ta sake motsa hannu, wannan karon a hankali, malamar ta fassara.

"Ta ce ta ga jakar bayan ƙofa. Tana tambaya, in ta sha kunun ba ta ƙara magana ba, za ka bar ta nan?"

Da hannu ban san ko kalma ɗaya ba. Sai na roƙi malamar ta nuna mini yadda ake cewa ba inda za ki. Ta nuna, na kwaikwaya, na ɓata, Rabi ta kama yatsuna ta gyara.

Inna ta yi fushi da ban kai mata Rabi ba, ta huce daga baya. Yanzu duk Asabar ina ajin da malamar ke yi wa iyaye, ni kaɗai ne mai gemu a ciki, kuma ni ne na baya a karatu. Abin da na koya dai shi ne, in an ce ka tashi ka yi wa iyaye nasiha, ka fara tambaya ko ɗanka yana cikin ɗakin.